Modem Ɗin Auta

Yayana yana da ɗaki guda a gidansa da ya fi ɗakin matarsa gata. Na'urar sanyi ba ta hutawa a cikinsa, labulensa mai kauri ne don kada rana ta leƙo, 'ya'yansa kuma sun san iyakarsu bakin ƙofa. A ciki akwai durowoyin gilashi jere da bango, kowace da 'yar fitila a samanta. Abin da ake yi wa duk wannan hidima kuwa tsofaffin modem ne na na'urorin wasan bidiyo, da wayoyinsu, da kwalayensu, da 'yan madannan rubutu da ake haɗawa da su, tarkacen da waɗanda suka ƙera su ma sun manta sun taɓa yi.

Ba zan zage shi a kan tarawar ba, don ciwonmu ɗaya. Ni ma ina tarawa. Bambancin shi ne nawa a kan tebur suke, cikinsu a buɗe, ƙarfen dalma a gefe. Ranakun aiki ina koyar da lissafi a makarantar 'yan mata, ranar Asabar kuwa sai in rufe kaina in yi ta fama har sai na sa tsofaffin modem biyu sun kira juna ta wani ɗan akwati mai kwaikwayon layin tarho. Idan na ji kukan nan nasu, ƙiiii, ƙurrr, kamar an matse kyanwa a bayan ƙofa, sai raina ya yi fari tas. Yaya yana kirana Malama Sukundireba. Ni kuma a bayan idonsa Mai Gilashi nake ce masa.

Ga wanda bai tarar da zamanin ba, irin modem ɗin da nake magana a kai kamar kaset ɗin wasa yake, sai dai ya fi kauri. Za ka cusa shi a bakin na'urar, ka ɗora kaset ɗin wasan a kansa, ka jawo wayar tarhon gida ka soka a gefensa. Sai ya kira wani yaro a wani gari ku kara, kai kana falonku shi yana nasu. Yau wannan ba komai ba ne. A lokacin kuwa makwabta har leƙowa suke ta taga.

Na gidanmu na Auta ne, ƙaninmu. Kawunmu ne ya kawo masa tsaraba, kuma tun daga ranar duk wanda ya kira gidanmu da la'asar sai ya ji layi a toshe. A cikin modem ɗin kowane ɗan wasa yana sa sunansa, da 'yar maganar da za ta fito a talabijin ɗin wanda ya kayar, da kuma fuskar da zai zana da kansa a kan wasu ƙananan gidaje kamar na dara, gida-gida. Zane biyu ake yi, na'urar ta riƙa musanya su, sai fuskar ta zama kamar tana motsi. Sauran yara ƙoƙon kai suke zanawa, ko zaki, ko wuta. Auta kuwa Mama ya zana.

Yana da dalilinsa. Duk sa'ad da Mama ta ɗaga kan tarho don ta kira ƙanwarta, wasan yankewa yake nan take, ko da saura naushi ɗaya ya ci. Ya ce a duniyar nan babu abin da ya kayar da shi kamar ita, don haka ita ce za ta tsorata abokan karawarsa. Ya yi mata ɗankwali da tabarau da kan tarho a kunne, da gira ɗaya mai hawa da sauka. A ƙasa kuma ga maganarsa ga duk wanda ya sha kashi: "Je ka kira yayanka." Ranar da Mama ta gani ta bi shi da silifa har bakin titi, ta dawo tana dariya har da riƙe ƙofa.

Ciwon ƙoda ya ɗauke Auta bai kai ga aure ba. Allah ya jiƙansa. Kayan sawarsa an rabar, ɗakinsa ya koma wurin ajiya, amma modem ɗin Mama ta naɗe shi a tsohon ɗankwali ta sa a ƙasan sif ɗinta. Ta hana a zubar da tsohuwar talabijin mai ƙaton baya saboda shi. Duk lokacin da kewa ta taso mata sai ta ce min, "Ke, zo ki kunna min yaron nan." In haɗa, ta zauna ta kalli girarta tana hawa tana sauka, ta ce, "Ɗan banza," ta share ido, in kashe. Kamfanin da yake haɗa kiran ya daɗe da mutuwa, ba a iya kiran kowa. Fuskar dai tana nan.

Abin da ke riƙe da ita ɗan batir ne kamar maɓallin riga, a manne cikin modem ɗin da ƙafafu biyu na ƙarfe. Muddin yana ba da 'yar wutarsa, sunan da maganar da zanen suna nan. Idan ya mutu, ko aka cire shi ko na ƙiftawar ido, komai ya tafi, babu mai dawo da shi. Duk mai tara irin kayan nan ya san wannan kamar sunansa. Ni Yaya ne ma ya koya min, da ranƙwashi, tun ina ƙarama. Batirin Auta ya riga ya wuce shekarun da aka yanka masa nesa ba kusa ba, shi ya sa na yi odar wata 'yar na'ura mai kwafe abin da ke ciki zuwa kwamfuta. Na gaya wa Mama, na gaya wa Yaya. Na ce da ta iso zan kwafe, sannan in canza batirin hankali kwance.

Ana cikin jiran ne Yaya ya je wurin Mama ya ce ta ba shi aron modem ɗin zai goge masa ƙura. Uwa ce, ta ba shi.

Da na ji shiru na bi sawu. Anti, matarsa, ta buɗe min, ta nuna ɗakin da haɓa. Na tarar da shi tsaye gaban durowar tsakiya, hannu a baya, yana murmushi kamar wanda aka yi wa haihuwa. Ga modem ɗin Auta can a ciki, a cikin wani akwatin roba mai tauri, garai-garai, an narka bakinsa an like ta ko'ina, babu sukuru babu murfi. A samansa an manna lamba.

Wata sabuwar ɗabi'a ce ta shigo wa masu tarawa. Mutum zai aika kayansa wani kamfani, su duba ƙarzuwa da kalar takardar jiki, su ba shi maki, su rufe shi ruf. Daga nan abin ya zama na kallo. Duk ranar da aka fasa robar, makin ya tashi a banza.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Tara ne, Malama. Tara cikin goma! Kin san na Dakta nawa ya samu? Bakwai, kuma takardar nasa ta koɗe."

Dakta wani likitan haƙori ne da suke gasar tara kaya, kullum suna aika wa juna hotuna don su ƙona ran juna.

"Ban tambaye ka Dakta ba. Ta ina zan soka shi a na'ura?"

"Ba a sokawa. Ai amfanin abin ke nan. Ba ƙura, ba danshi, ba hannun yara."

"Batirin fa?"

Ya juya ya gyara wani kwali da ba abin da ya same shi.

"Yaya, magana nake maka. Batirin nan kwanansa ya ƙare, kai ka sani. Na ce maka na'urar kwafa tana hanya. Me ya hana ka jira?"

"Ke dai komai sai kin buɗe cikinsa. Da na bar miki da yanzu kin ƙarje masa sukuru kin ɓata shi."

"In ɓata shi? Wa ya tayar maka da wancan na saman da ka sayo a mace? Kai ko fis ka iya canzawa?"

"Ki iya bakinki, a gidana kike."

"A gidanka nake, amma wancan ba naka ba ne. Na Mama ne. Kawo shi in yanka robar."

"Ki yanka me?" Har muryarsa ta sirance. "Wallahi ba ki isa ba."

Na fito. Ban taɓa sanin mutum zai iya jin haushin ɗan'uwansa har ya ji ɗaci a bakinsa ba sai ranar. Na zauna a mota na kasa ko murza makulli. Ina ganin tagar ɗakin da labulenta mai kauri, na san a bayanta ɗan batirin nan yana ta ƙarewa a hankali, a cikin sanyi, ƙarƙashin fitila mai kyau.

Na'urar kwafar ta iso, na ajiye ta a kwalinta. Daga nan Yaya ya buɗe shagon uzuri, wanda ya fi shagon labule da kafet ɗinsa ciniki. Yau ya ce a bari a gama baje kolin masu tarawa. Gobe ya ce yana tambayar kamfanin ko suna iya buɗewa su mayar. Jibi makullin durowar ya ɓata. Na turo masa kawu, ya ce zai duba. Na turo masa mijina, suka ɓuge da hirar ƙwallo. Na ce to ya yanka da kansa, in kwafe a gabansa, ya mayar musu su sake rufewa, in ya so ko maki ɗari ne su ba shi. Ya yi kunnen uwar shegu da ni. Daga baya ma ya daina ɗaga wayata.

Abin da ya fi ba ni mamaki, ya rage zuwa gidan Mama. Mutumin da ba ya wuce mako bai je ya miƙe ƙafa a falonta ba, sai ya koma aiko da kayan cefane ta hannun direba. A lokacin na ɗauka kunya ce ta kama shi, har na ce ashe da sauran ta.

Ita kuma Mama idonta ya fara tafiya. Likita ya ce jijiyar ce ke mutuwa, maganin ɗigawa yana rage gudun abin ne kawai. Ta fara matso da kujerarta kusa da talabijin, ta fara gane mu da murya kafin fuska. Ba ta taɓa kuka a kan idon ba. Tambaya ɗaya take min duk zuwan da na yi: "Yaushe za a kunna min yaron nan?"

Ina da hoto guda da na taɓa ɗauka da waya. Amma duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton tsohuwar talabijin ya san baƙin layin nan da ke gilmawa. Nawa ya faɗo daidai kan idanu da girar. Ga ɗankwali, ga baki, ga kan tarho, tsakiya kuwa baƙi ƙirin. Na nuna mata, ta kai shi har kan hancinta, ta miƙo min. "Wannan ai ba ya motsi," ta ce.

Wata Asabar da hantsi na je na same ta ta yi shirin fita, har da takalmin unguwa da jaka.

"Kai ni gidan Babba," ta ce. Haka take kiran Yaya.

Muka isa gidan. Anti ta durƙusa ta gaishe ta, ta amsa a tsaye. Yaya ya fito da singileti yana "Mama, ai da kin aiko na zo," ta wuce shi kamar ba ta ji ba, hannunta a kafaɗata. Ɗakin nan da sai an cire takalmi an goge hannu ake shiga, Mama ta taka shi da ƙurar titi. Ta tsaya a tsakiya tana juya kai, fitilun suna dukan tabaraunta.

"Wanne ne?"

Na ɗora hannunta a kan gilashin.

"Babba, buɗe."

"Mama, don Allah ki saurare ni. Abin nan idan aka..."

Ta miƙa tafin hannunta kawai. Makullin da aka ce ya ɓata ya fito daga aljihun wandonsa, a jikin makullin mota. Mama ta ɗauki akwatin ta shafa shi ta kowane gefe tana neman murfi.

"Ta ina yake shan iska?" ta ce.

Ta jefa shi a jaka tare da maganin idonta da carbi.

A barandar Mama na yanka shi. Na shimfiɗa tsumma a kan benci, na danne akwatin da gwiwa, na sa ƙaramin zarto a bakin da aka like. Roba ce mai taurin kai, garinta yana zuba fari a kan zanena. Yaya ya biyo mu a motarsa, ya tsaya a kaina yana gumi.

"Malama, tsaya. Bari in yi miki bayani."

"Je ka yi wa Dakta."

"Wallahi magana ce mai muhimmanci."

"Wata nawa ina kiranka? Matsa min daga haske."

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kowane ja na zarton nan. Da na zo kan lambar ban kauce mata ba, ta tsakiyar taran na bi. Robar ta yi ƙas ta rabe, na zaro modem ɗin. Sanyin ɗakin can har yanzu yana jikinsa.

Tsarin da na yi shi ne in kunna wa Mama ta gani tukuna, sannan in kwafe, sannan batir. Na jawo tsohuwar talabijin, na haɗa na'urar, na hura bakin modem ɗin duk da na san hurawar ba ta da amfani. Mama ta matso da kujerarta har gwiwarta tana taɓa teburin. Na danna.

Allon ya yi shuɗi. 'Yar waƙar buɗewa ta fito, wadda muka haddace tun muna yara. A nan ne fuskar take bayyana. Sai ga gidajen zane fayau, babu ko ɗigo, da wani ɗan layi yana ƙyaftawa a ƙasa, yana jiran sabon ɗan wasa ya rubuta sunansa.

Na kashe na sake kunnawa. Na cire na goge na mayar. Haka dai.

Mama ta kai fuskarta dab da gilashin, hasken yana kan kumatunta.

"Ban gan shi ba," ta ce. "Idona ne?"

"Ba idonki ba ne, Mama."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Abin da na faɗa wa Yaya a falon nan ban taɓa faɗa wa wani mahaluki ba. Na ce ya kashe shi. Na ce ya sa shi a kabarin roba ya tsaya yana kallo har batirin ya mutu, don wani mai cire haƙori ya ji haushi. Na ce Auta yana asibiti ma sau nawa ya je, yana can yana neman kwalin da bai yage ba. Wannan ta ƙarshen ba gaskiya ba ce gaba ɗaya, amma na faɗa, kuma ban janye ba.

Ya sunkuyar da kai. "Haka ne," ya ce. "Batirin ya tsufa. Ƙaddara ce. Laifina ne da na yi jinkiri, ku yi haƙuri."

Nan na tsaya. Na san yayana. Mutumin da ko ya taka ka sai ya ce ƙafarka ce ta shigo ƙarƙashin tasa, yau shi ne ya karɓi laifi tun ban gama zagi ba? Da sauri haka, har da ƙaddara?

Na jawo jakata na ciro sukundireba.

"Me kuma za ki yi? Ai an gama. Bar shi haka nan."

Sukurorin ba su yi min gardama ba ko kaɗan, alamar an kwance su kwanan nan. Na ɗaga murfin. Allon ciki tsaf, kore shar, ba tsatsa ba ɗigon ruwan batir. A inda batirin yake zama babu komai sai 'yan ƙafafu biyu na ƙarfe a tsaye, an datse su daidai wa daida, bakinsu yana ƙyalli.

Na juya masa shi.

"Mene ne?" in ji Mama.

"Babu batir a ciki, Mama. Ba mutuwa ya yi ba. Yanke shi aka yi."

Yaya ya zauna a hannun kujera.

"Sun kira ni," ya ce. "Tun makon da na aika. Suka ce ba sa rufe kaya da tsohon batir a ciki, zai iya fashewa ya ci allon. Ko su cire, ko su dawo min da shi ba maki."

"Ka ce me?"

Ya kawar da kai.

"Yaya, ka ce musu me?"

"Na ce su cire."

"Ka san abin da zai faru?"

"Ina shago, ga mutane a kaina, mutumin yana jira a waya..."

"Ka sani ko ba ka sani ba? Wa ya koya min?"

"Na sani." Ya share fuska da tafin hannu. "Na ce a raina ai zane ne kawai, kuma kina da hoto. Shi kuwa modem ɗin in ruwan batir ya ci shi, shi ke nan, babu abin da ya rage na Auta. Na so in adana shi ne. Sai da na ajiye wayar na gane abin da na yi. Na sake kira, suka ce an riga an wuce wurin."

Wato duk watannin nan da nake tashi da batirin nan a raina, ina roƙo, ina turo mutane, ina lissafin ko zai kai wani mako, babu shi. Yana can a kwandon sharar wani kamfani. Shi kuwa ya bar ni ina ta haƙilo, ya bar tsohuwa mai rasa ido tana jira, ya gwammace a ce masa marowaci da a buɗe a gani. Har yanzun nan ma da ban ɗauko sukundireba ba, da ya lafta wa ƙaddara ya tafi gida ya ci abinci.

"Ka adana," na ce. "Ga shi nan, kwanon ka adana, ka zubar da abincin."

Na ɗauka Mama za ta yi kuka, ko ta yi masa baki. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi ta mayar.

"Ke, kin zo da sabon batirin?"

"Yana jaka. Amma Mama, ba zai dawo da..."

"Sa masa."

Na jona ƙarfen dalma a soket ɗin bayan firji. Sai da na ƙona yatsa, amma na manna shi, na rufe, na mayar a na'ura. Gidajen zanen suka sake fitowa fayau. Mama ta laluba ta ɗauki hannun wasan, wanda maɓallansa suka sha yatsun Auta har suka yi santsi, ta miƙa wa Yaya.

"Sauko ƙasa. A nan yake zama."

Ya sauko. Mutum mai furfura a gemu, mai ma'aikata a ƙarƙashinsa, ya naɗe ƙafa a kan leda gaban talabijin.

"Zana ni."

"Mama, ban iya ba."

"Shi ma ba a haife shi da iyawa ba. Ka ce zane ne kawai. Zana."

Na jefa masa wayata da hoton a buɗe, ba don tausayi ba, don ya ga baƙin layin da ya ce ya isa. Ya fara, gida-gida. Ɗankwalin ya ɗauke shi lokaci mai tsawo, bakin ya fito a karkace ya gyara. Wayarsa ta yi ta ruri a aljihu, bai taɓa ta ba. Rana ta bar baranda ta koma bayan gida. Anti ta kira wayata, na karɓa na ce mata yana aiki. Da ya zo tsakiyar fuskar, inda hoton ya yi baƙi, sai ya tsaya. Ya sa idanu biyu, ya sa tabarau, ya ɗaga gira ɗaya a zane na biyu. Fuskar ta fara motsi.

Mama ta matso har numfashinta yana taɓa gilashin. Ta daɗe tana kallo.

"Ba haka ba ne. Goge."

Ya goge, ya sake. Ya ƙara wa girar kauri.

"Wannan ai wata mata ce. Goge."

"Mama, ki gaya min inda na kuskure."

"Da ka zo ka zauna ka kalla ko sau ɗaya lokacin da yake nan, da ba ka tambaya ba."

Hawaye suna zuba a gemunsa, yana danna maɓalli da babban yatsa. Ban ji tausayinsa ba, kuma ba zan yi ƙaryar na ji ba. Ina tsaye a gefen Mama, sai na ga abin da shi bai gani ba, don idonsa yana kan talabijin. Duk sa'ad da ta ce "goge", girarta ta hagu tana hawa, ta ɗan tsaya, ta sauko. Ita ce dai, ba ta canza ba tun muna yara. Auta ya kalli uwarsa ne ya zana. Yaya kuwa ta dama yake ta ɗagawa, ga ta zaune kusa da kafaɗarsa, ya kasa juyowa ya dube ta.

Ya ɗago ya kalle ni, idanunsa jajur.

"Malama, ke kin tuna. Don Allah."

Na tuna sarai. Na naɗe wayar ƙarfen dalmata na sa a jaka.

"Goge," in ji Mama. "Sake."